Ranar da Na Ɓatar da Oga Bitrus a Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Makera a Kaduna ba. Da na zauna sai wani ya jawo benci ya ce in ba shi labari, wanda kuma bai zo jiya ba ya ce a faro masa daga farko. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta.

Mu biyu kamfaninmu na Kudenda ya tura koyon aikin wani sabon inji, ni da Oga Bitrus, shugaban sashen gyara. Mutumin Zonkwa ne, yana zaune a Kamazou, ya kusa shekara sittin, kuma shi ya koya mini aiki lokacin da ko sifana ban iya riƙewa ba. Sanyin halinsa har ya yi yawa. Ko inji na hayaƙi, sai ya gama goge tabaransa kafin ya tashi. Yana da ciwon suga, yana yi wa kansa allura safe da yamma.

A Rigasa muka hau jirgin ƙasa zuwa Abuja. Shi ya zo da akwati da wata ƙatuwar jakar leda mai zif, ni kuwa jakar goyo na ɗauka, irin mai tsawo har ƙeya, wadda na sayo a gwanjon Kasuwar Barci. Na daɗe ina kallon bidiyon Turawan nan masu yawon duniya da jaka a baya, suna kwana a masauki mai araha, suna taka gari da ƙafa ba tare da ɗan jagora ba. Na ƙudurta a raina cewa in Allah ya fitar da ni waje, ko na yini ɗaya ne sai na yi irin nasu. Oga Bitrus ya dubi jakar, ya tambaye ni ko sojan ƙasa aka ɗauke ni ban faɗa masa ba.

Matsalar farko a filin jirgin Alƙahira ta same mu. Jami'in da ke duba kaya ya buɗe jakar Oga, ya ciro kilishi, ya ciro yaji, sannan ya ciro garin rogo a farar leda. Nan take ya kira na biyu, na biyun ya kira na uku. Na ce yau ga ranar Larabcina, domin shekara takwas na yi a islamiyya. Na gyara tsayuwa na yi musu bayani da Larabci mai cikakken wasali cewa wannan abinci ne na mutanen ƙasarmu. Suka dubi juna suka kwashe da dariya, ɗayansu ya ce da Turanci ina magana kamar liman a kan mumbari. Da suka mayar mini da nasu Larabcin, ko kalma biyar ban tsinta ba. Oga Bitrus ne ya raba gardama. Ya nemi kofi da ruwa, ya jiƙa garin a gabansu, ya shanye. Wani daga cikinsu ya buɗe yajin ya kai hanci, yana ta atishawa ya yi mana alama da hannu mu wuce.

Mako biyun da muka yi a masana'antar masu injin ba labari ba ne. Inji ne, da burodi. Mutanen nan ba sa cin komai sai da burodi, har shinkafa. Abin da kuke son ji shi ne yini ɗayan da ya rage mana kafin jirginmu ya tashi.

Ni na lallashi Oga muka bar unguwar masana'anta muka koma tsakiyar birni, masaukin masu jakar goyo. A hawa na shida yake, cikin wani tsohon bene mai na'urar hawa kamar kejin kaji, wadda take aiki idan ta ga dama. Ranar ba ta ga dama ba. Da muka isa sama muna haki, aka nuna mana ɗaki mai gadaje takwas, wani kan wani, maza da mata a haɗe. Oga dattijo ne a cocinsu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ko a ƙasa zai kwana a baranda, amma ba zai shiga ba. Da ƙyar aka samo mana ɗakin maza zalla, inda wani Bature mai gemu ya shanya safarsa a kan ƙarfen gadon Oga. Oga ya sa biro ya ɗage safar ya mayar masa.

Da safe aka kawo karin kumallo: dafaffen wake da aka dame shi da mai da lemun tsami, sai burodi. Oga ya riga ya yi allurarsa. Ya ɗanɗana cokali biyu ya ture, ya ce wake ba manja ba barkono horo ne. Na gani da idona, amma hankalina na kan takardar da na rubuta. Wurare goma sha ɗaya na jera mana. Shi wuri ɗaya kawai ya roƙa, wani tsohon coci da ake cewa a ƙarƙashinsa Maryamu ta ɓuya da jaririnta lokacin da suka gudo Masar. Na sa shi a lamba ta goma sha ɗaya, na ce da yamma za mu rufe da shi. Don kada kaya su yi masa nauyi, na kwashe komai nasa na zuba a jakata: fasfo, allura, na'urar gwada suga, dabino, har da wayarsa da na jona a abin caji. A lokacin gani nake kirki na yi.

Tsallaka titi kaɗai ya ci mana kusan rabin awa. A Kaduna mai keke zai zage ka, amma zai taka burki. A can ba zagi ba burki. Sai da muka laɓe a bayan wata tsohuwa mai kwandon kayan miya, ta shiga cikin motoci kamar tsakar gidanta, muka bi ta a guje.

Dalar Fir'auna dai mun gan ta, kuma gaskiya ta fi yadda take a hoto girma. Sai dai ba a barin mutum ya kalle ta minti ɗaya cikin salama. Wannan ya ɗora maka rawani a ka, wancan ya cusa maka ɗan gunki a hannu, kowa yana kiranka ɗan'uwa. Wani mai raƙumi ya ce in hau ya ɗauke ni hoto kawai, raƙumin ba zai ko motsa ba. Ina hawa ya yi masa wata magana, raƙumi ya miƙe, ya kama hanyar sahara da ni da jakata. Ni da na taso ina ganin raƙuma a mayankar Tudun Wada, sai ga ni a sama ina roƙon a sauke ni, mutumin kuma ya manta Turanci gaba ɗaya har sai da na faranta masa rai da kuɗi. Da na dawo na tarar da Oga a inuwar wani dutse yana shafa mahaɗar duwatsu biyu da yatsa, yana cewa wanda ya yi wannan aiki ya san aikinsa. Ya so mu ɗan zauna. Na ce lamba ɗaya kawai muka yi, saura goma.

Wajen sha biyu ya ce mu nemi abinci. Na ce ya daure mu isa tsohuwar kasuwa, akwai wani gidan abinci da na gani a bidiyo. Ya ce to. Wannan "to" ɗin har yau yana damuna.

Muka gangara tashar jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Jama'a kamar an tashi daga idi. Jirgi ya tsaya, na hango wani tarago da sarari a ciki, na yi mamakin yadda kowa ya bar shi, na ruga na faɗa. Ban gama juyawa ba na ji hayaniya ta ko'ina. Ashe taragon mata ne zalla, ba a yarda namiji ya shiga ba. Wata mai jiki ta nuna mini ƙofa da jakar hannunta, wasu 'yan mata suna dariya. Na yi baya da sauri, jakar goyona ta maƙale a ƙarfen ƙofa, na fizge ta na faɗo kan dandamali. Ina ɗagowa ƙofofi suka rufe. Ta gilashin tarago na gaba na ga Oga Bitrus a tsaye, jama'a sun tura shi ciki, yana kallona ta saman tabarau. Ya ɗaga mini hannu kamar mai sallama a tashar mota. Jirgi ya tafi.

Na ciro wayata zan kira shi, sai na tuna inda wayarsa take. Daga nan na tuna sauran abubuwan da ke bayana ɗaya bayan ɗaya. Ba fasfo a jikinsa, bai san sunan masaukinmu ba domin ni na nemo shi, ba ya jin Larabci, ya yi allura tun safe a kan cokali biyu na wake, kuma na yi ta jan sa cikin rana. Na taɓa ganin yadda sugansa ya faɗi a wurin aiki. Gumi ya fara yi, sai magana ta sarƙe, sai ya zube a gefen inji. Ranar da lemun kwalba aka ceto shi, kuma a cikin mutanen da suka san shi ne.

Na hau jirgi na gaba. Na sauka a tasha ta farko na duba dandamali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu shi. Na sake hawa, na sauka a ta biyu, haka a ta uku. Kowane baƙin mutum na hango sai in bi shi da gudu, jaka tana dukan ƙeyata, in tarar ɗan Sudan ne. Na samu wani ɗan sanda na yi masa bayani da Larabcin mumbari, da Turanci, da hannu. Ya saurare ni da kyau, ya kawo mini kujera, ya ce in zauna. Ko me na ce sai ya ce in zauna. Da na ga shayi yake shirin aiko mini, na miƙe na yi gaba.

Na ce ƙila ya tuna na ambaci tsohuwar kasuwa. Na tafi can. Wurin da na yi wata biyu ina mafarkin gani, na ratsa shi ban ga komai ba sai ƙeyar mutane. Na wuce masallatai masu shekaru ɗaruruwa ko ɗaga kai ban yi ba. A ɗaya daga ciki na tsaya na yi azahar a gurguje, kuma ban taɓa yi wa wani addu'a da gaske kamar yadda na yi wa Oga Bitrus a sujadar nan ba. Ina fitowa wani mai sayar da fitilu ya riƙe mini hannu yana cewa kallo kyauta ne. Allah ya yafe mini abin da na faɗa masa da Hausa.

Ina tsaye a bakin kasuwar ne jakata ta fara ruri. Wayar Oga ce. Na duba, matarsa ce, Mama Rahila. Na san ta sarai, ita ke aiko mana da shinkafa da kaza duk Kirsimeti. Na yi tunanin in bar ta ta katse. Na yi tunanin in ce yana banɗaki. Sai na ɗauka.

"Nafi'u? Ina Baban Rahila?"

Na gaya mata komai, ban rage ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta tambaya ko ya ci abinci, na ce cokali biyu. Ta tambaya ina maganinsa, na ce yana bayana. Na ji ta ja numfashi.

"Kun je cocin nan da yake ta magana?"

Na ce ba mu kai ba tukuna, shi ne na ƙarshe a takarda.

"Wata guda ya yi kafin ku tafi ba ya maganar komai a gidan nan sai cocin nan. Na san mijina. Ko ɓata zai yi, inda ransa yake so zai ɓata. Ka tafi can. Kuma duk abin da ka tarar, ka kira ni, kada ka ɓoye mini."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma ƙarƙashin ƙasa, na canza jirgi sau biyu, sau ɗaya ma na hau wanda ke tafiya baya. La'asar ta yi lokacin da na fito a unguwar tsofaffin coci-cocin, masu yawon buɗe ido suna ta fitowa, ana shirin rufe ƙofa. Na roƙi mai gadi ya bar ni. Ban taɓa shiga coci a rayuwata ba sai ranar, kuma sai da na shiga uku. Na leƙa kowane benci, na gangara wani tsani mai duhu zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa, inda na tarar da wasu mata biyu suna addu'a. Babu Oga. Na fito waje. Na fara tsara yadda zan nemi asibitocin birnin, da yadda zan buɗe baki in yi wa Mama Rahila magana.

Ina tafe a wani lungu kusa da tashar sai na ji dariya. Duk wanda ya yi aiki a sashenmu ya san dariyar nan, mai fita ta hanci kamar tayar da ke sacewa.

Yana zaune a wani ɗan shagon shayi tare da tsofaffi uku, sun baje ƙwayoyin wani wasa da ake kira domino a tebur. Gefensa ga faranti an share shi tas, na abincin nan nasu da ake haɗa shinkafa da taliya da ƙananan wake a zuba soyayyar albasa. Ya ɗago ya gan ni, ya ajiye ƙwayar da ke hannunsa a hankali, ya ce, "Nafi'u, ina ka shiga? Na damu da kai fa."

Na sauke jakar na ciro na'urar, na ce ya ba ni yatsa. Sai da na ga lambar ta fito daidai sannan na zauna a ƙasa, a kan jakar.

Labarinsa ya ba ni kamar na wani ne daban. Ya ce jirgi na tashi ya ji hannunsa ya fara karkarwa, gumi yana keto masa. Wani dattijo da ke zaune a gabansa ya lura, ya tashi ya ba shi kujera. A nan Oga ya ga ɗan zanen gicciye a wuyan hannun mutumin, irin wanda Kiristocin can suke yi tun suna yara. Ya nuna zanen, ya nuna ƙirjinsa, sannan ya ce "suga". Ashe kalmar kusan ɗaya ce a bakinsu. Dattijon, mai suna Girgis, tela ne da ya daina aiki. Ya fito da shi a tasha ta gaba, ya saya masa ruwan rake kofi biyu, ya zauna da shi har jikinsa ya dawo. Da ya tambaye shi inda zai kai shi, Oga bai san sunan ko'ina ba sai wuri ɗaya. Girgis ya fasa abin da ya fito yi, ya kawo shi, ya zagaya da shi ko'ina, ya gangara da shi ɗakin nan na ƙasa. Oga ya ce ya yi kusan awa guda a ciki, ya yi wa kowa addu'a har da ni. Sa'ad da yake faɗin haka idonsa ya kawo ruwa, ni kuma na rasa ko haushi zan ji ko me.

Abin da bai faɗa mini da wuri ba shi ne bayanin da ya yi wa tsofaffin. Da hannu da guntun Turanci ya gaya musu cewa ɗansa ne ya ɓata, yaro mai ƙatuwar jaka, bai san gari ba. Ni da nake da mata da 'ya'ya biyu. Girgis ya juyo kaina, ya ɗaga yatsa ya fara faɗa, sauran biyun suna gyaɗa kai, mai shayin ma ya bar tukunyarsa ya zo ya sa baki. Ban ji rabin abin da suka ce ba, amma na gane uba, na gane haram, na gane abinci. Na buɗe baki zan ce ba mahaifina ba ne, shugabana ne a wurin aiki. Sai na ga ba shi da amfani, kuma ba su yi ƙarya a sauran ba. Na durƙusa a gaban Oga kamar yadda ake yi a gida, na ce ya yafe mini. Ya dafa kaina ya ce ba komai, yaro ne. Tsofaffin suka ji daɗi, aka kawo mini shayi mai sukari kamar zuma.

Oga ya koma kan dominonsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Wannan magana ta tsaya a nan. Kada Mama Rahila ta ji."

Na ce ai ta riga ta ji, ita ce ma ta turo ni nan, kuma tana jiran kira.

Shekara tara ina aiki da mutumin nan ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai lokacin. Ya miƙe har kujera ta faɗi, ya ce me na gaya mata, na ce komai, har da cokali biyun. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya koma bakin ƙofar shagon. Daga inda nake ina jin muryarta, wadda ta ƙi ɗagawa a kaina ashe ajiye masa ta yi. Shi kuwa ba abin da yake cewa sai "E, Mama. Haka ne, Mama." Girgis ya tambaye ni da ido wace ce, na nuna masa yatsan zobe. Tsofaffin uku suka sunkuyar da kai kamar ana karanta musu hukunci su ma.

Na jawo kujerar Oga na zauna, na miƙe ƙafafuna, na ce wa mai shagon ya kawo mini irin abincin da ya ci. Mama Rahila ta yi kusan minti ashirin tana yi masa faɗa. Ban bar ko ƙwayar shinkafa a farantin ba.